Abin da ke kashe indomin a-kori-kura

Da yamma nakan zauna a bencin mai shayi, daura da wani gareji. Jiya an sauke wa wata Hilux mai shan fetur tukunyar nan da ke jikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi. Yaron gareji ya ɗaga ta ya girgiza. Sai ta yi kacau-kacau kamar gwangwanin tsakuwa.

Ka taɓa leƙa cikinta? Tangaran ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. An shafe shi da ƙarafa masu tsada: filatinum, faladiyum da rodiyum. Hayaƙi ya bi ta ramukan, gubarsa ta ragu kafin ya fito waje. Tun 1975 ake saka ta a motocin Amurka. Babu abin da ke juyawa a cikinta, babu abin da ke gogar wani. Amma ga ta kwance a ƙasa, motar kuwa fentinta ko dushewa bai yi ba.

Ciwon daga inji yake gangarowa. Fulogi ɗaya ya daina ba da wuta, direba ya ji mota na fizga, ya ce sai bayan kasuwa. Ɗanyen fetur ya zarce salansa, ya kama wuta a cikin tukunyar. Ita ta saba da zafin digiri 400 zuwa 800. Idan ya wuce kima, ramukan su narke su toshe. Sai ka ga mota da lodin masara tana nishi a ɗan hawan da ba komai ba.

Wani injin kuma ringinsa ya cinye, yana shan baƙin mai. Wani gasket ɗinsa ya ƙone, ruwan lagireto na shiga silinda. Tokar duka a kan ƙarafan nan take sauka, ta lulluɓe su. Wannan kisan mummuƙe ne, ba ƙara, ba fizga.

Sauran aikin hanya ke ƙarasa shi. An danne mota da buhuna, cikinta ya kusa ƙasa, dutse ya daki tukunyar. Da damina a faɗa rafi da ita tana zafi jau, tangaran ya tsage.

Na ji makanikin na ce wa mai motar, "Alhaji, a fara da fulogi da mai auna iskar salansa, in ba haka ba sabuwar ma tafiya za ta yi." Alhaji ya ce a fasa tukunyar a zubar da cikin, a mayar da ita haka nan. Abin ya dame ni. Hayaƙin da zai fito, mai ƙosai da ke bakin titi da goyonta ne za su shaƙa.

Da Alhaji zai tashi na leƙa ta tagar motar. Fitilar gargaɗin nan mai siffar inji tana kunne. An manna mata baƙin salatif, hasken na ɗan fitowa ta gefe.