Awa bakwai zuwa Jidda a kan batir ɗaya

Na yi shekaru ina tuƙa jirgin sama a kwamfuta, kuma mafi yawan shekarun nan ha'inci nake yi. Zan tashi daga Kano, in hau har ƙafa 35,000, in miƙa ragama ga na'urar da ke tuƙa jirgin da kanta, sannan in danna maɓallin da ke ninka gudun lokaci sau huɗu. In je in ci tuwo, in dawo in tarar da Bahar Maliya shimfiɗe a gabana, in sauka a Jidda, in rubuta a ɗan littafina cewa na yi tafiyar kusan awa biyar. Duk mai wannan sha'awa ya san maɓallin nan, sai dai ba kowa ke faɗa ba.

Dalilin a fili yake. Tashi da sauka su ne masu daɗi, domin a nan hannu ke aiki. Tsakiyar doguwar tafiya kuwa, inda jirgi ya daidaita a sama ya miƙe, allo ne kawai da sararin samaniya da ƙugin inji. Masu sayar da ƙarin manhajoji sun gane haka, shi ya sa suka cika kasuwa da magunguna: muryar ma'aikatan jirgi suna sanarwa, hayaniyar fasinjoji, tsarin da zai lalata maka inji ba zato ba tsammani. Na sayi wasu daga ciki. A ganina kwalliya ce, kuma ta lalata injin ma har ɓarna take yi, domin tana koya wa mutum cewa sai wani abu ya fashe tafiya ke da ma'ana, alhali matuƙi na gaske yana iya yin shekaru bai ga inji ya mutu a sama ba.

Abin da ya sauya mini tunani ya faru a Kafin Dafga, a farkon watan Yuni na 2023, daren da mahaifiyarmu ta tashi zuwa aikin Hajji.

Mun raka ta sansanin alhazai a Kano tun kwana biyu kafin nan, na koma gida wajen ƙannena. Da yamma aka bugo waya aka ce an kira sunayensu, jirgi zai tashi wajen ƙarfe goma na dare. Na san barci ba zai zo ba. Sai na ce bari in bi ta: in tashi lokacin da suka tashi, da yanayin iska na gaske, ba tare da taɓa maɓallin nan ba. Ina amfani da X-Plane 12, wanda ya zo da Airbus A330 a cikinsa, kuma ba ya bukatar intanet mai ƙarfi idan an riga an sauke taswirori, abin da ya dace da ƙauye irin namu. Shirin tafiya kuma daga SimBrief nake ɗauka, wanda kyauta ne, yana fitar da takarda irin wadda ake miƙa wa matuƙa: hanya, tsayin da za a bi, iskar da ake tsammani, da man da ya kamata ya rage a kowace alama.

Cikas na farko ya zo tun ban kunna inji ba. Hanyar da na saba bi miƙaƙƙiya ce, kimanin kilomita 3,400, ta kan Chadi da Sudan. Kusan ita ce hanyar da kakanninmu suka bi a ƙasa, ta Fort Lamy da Abeche da El Fasher da El Obeid har bakin teku a Suwakin, wasu su yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri. To amma tun watan Afrilu na wannan shekara yaƙi ya ɓarke a Sudan an rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazai suka koma zagaye, har kamfanonin suka nemi ƙarin kuɗi saboda tsawon tafiyar. Manhaja ba ta san da yaƙi ba. Za ta bar ka ka ratsa ta kan Khartoum lafiya lau. Dole na zauna na zana wata hanya ta kudu: Kamaru, Afirka ta Tsakiya, arewacin Kongo, Yuganda, Kenya, Habasha, sannan Bahar Maliya. Takarda ta nuna kusan awa bakwai da man tafiya tan arba'in da ɗoriya.

Cikas na biyu yana bayan ƙofa. Wutar gidanmu ta sola ce, da inbata da batir ɗaya da ya fara tsufa. Da rana ba ka tunaninsa. Da dare kuwa abin da rana ta zuba shi ke nan, kuma kwamfuta mai ɗaukar wannan manhaja tana shan wuta ba kaɗan ba. Na yi lissafi a bayan wata takarda, na ga idan aka kashe fanka aka bar ƙwai ɗaya, zan iya kaiwa da ƙyar. Ƙanena ya ce, “Yaya, a wannan zafin?” Na ce ya fita da tabarma tsakar gida.

Da na kai sama na daidaita, sai na raba shafi gida biyu. A hagu ina rubuta man jirgi, a dama ina rubuta lambar da fuskar inbata ke nunawa. Kowane rabin awa in duba duka biyun. A nan na fahimci aikin da na yi shekaru ina tsallakewa.

Duba mai shi ne ƙashin bayan wannan zango. A330 yana ƙona kusan tan shida a awa. A kowace alama matuƙi yana kwatanta abin da ya rage a tanki da abin da takarda ta ce ya kamata ya rage, sannan ya haɗa wanda aka ƙona da wanda ya rage ya ga ko sun ba da abin da aka zuba tun farko. Idan jimillar ta gaza, mai yana zuba a wani wuri. A watan Agusta na 2001 wani A330 na Air Transat da ya taso daga Toronto zuwa Lisbon ya yi ɗigon mai a kan Tekun Atlantika, injinansa biyu suka mutu, ya lallaɓa ba inji ya sauka a tsibiran Azores, kuma kowa ya tsira. Lissafin tarawa ne na ɗan firamare, amma sai wanda yake zaune a farke zai yi shi.

Daga man ne kuma wata shawara ke fitowa. Jirgi mai nauyi ba ya iya hawa can sama tun farko. Yayin da yake ƙona mai yana sauƙi, tsayin da ya fi masa tattali yana ƙaruwa, don haka ake hawa mataki-mataki. Ka'idar ita ce mai fuskantar gabas ya bi lambobin mara, wato ƙafa 33,000, 35,000, 37,000, mai fuskantar yamma ya bi na cika, ƙafa dubu ɗaya kacal tsakaninsu. Afirka ta shiga wannan tsari na rage tazara a watan Satumba na 2008. Da ina ninka lokaci, a tsayi ɗaya nake zama daga Kano har Jidda, in yi mamakin yadda man ke gaza abin da aka tsara. A daren nan na hau sau biyu, kuma kowane hawa sai da na tambayi kaina ko iskar da ke sama ta fi ta ƙasa alheri.

Sai damina. Farkon Yuni hadari ya riga ya kafu a kan Kamaru da Afirka ta Tsakiya, irin gajimaren da kansa ke wuce tsayin da jiragen fasinja ke bi. Ba a haye shi, kauce masa ake yi da nisa, kuma kowace kaucewa mai ce. Na karkata dama na ɗan lokaci, na dawo kan hanya, na tarar na yi asarar ɗaruruwan kilo. Na tuna jirgin Air France mai lamba 447, shi ma A330, da ya faɗa teku a ranar 1 ga Yuni 2009 da mutum 228, a tsakiyar tafiya, cikin irin wannan hadari na yankin zafi, bayan ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu kuma na'urar tuƙi ta saki ragama. Na kori tunanin da sauri, domin Hajiya tana can sama a wani wuri.

Ina take? A waya ina kallon jirginsu a Flightradar24. Shafin ya dogara ne da na'urorin karɓa da mutane ke kafawa a ƙasa, kuma a tsakiyar Afirka ba su da yawa. Wajen sha biyu da rabi alamar jirgin ta ɓace. Na san dalili, na ma taɓa bayyana wa wasu, amma sani bai hana gabana faɗuwa ba. Matuƙa ma a waɗannan wurare sun san wannan shiru. Akwai yankunan da rada ba ta kaiwa, rediyo ma da ƙyar, har ƙungiyar IATA ta tsara cewa jirage su riƙa sanar da juna matsayinsu a mita 126.9: ga ni a wuri kaza, tsayi kaza, zan kai alama ta gaba ƙarfe kaza. Na fara faɗin haka da baki a cikin ɗaki, ni kaɗai, da gumi yana bin bayana. Abin da ya rage mini na sanin inda mahaifiyata take shi ne lissafina: mun tashi kusan tare, gudunmu kusan ɗaya, idan hanyarmu ɗaya ce to ba ta yi mini nisa ba.

Tambaya ta ƙarshe da matuƙi ke riƙe da ita a duk tsawon tafiya ita ce: idan abu ya faru yanzu, ina zan sauka? Amsar tana sauyawa da tafiya. Garoua, sai Bangui, sai Entebbe, sai Nairobi, sai Addis Ababa. A kowanne ana duba yanayi da tsawon titin jirgi tun kafin a bukace shi. Mutanen Kano ba sa bukatar a gaya musu nauyin sauya filin sauka. A ranar 22 ga Janairu 1973, Boeing 707 da ya kwaso alhazai daga Jidda zuwa Legas ya karkato Kano saboda rashin kyawun yanayi a can, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Wajen ƙarfe biyu da rabi, ina kan arewacin Kenya, shafin hagu lafiya lau: mai ya isa Jidda har da rara. Shafin dama ne ya ƙi. Lambar inbata tana sauka fiye da yadda na ƙiyasta, kuma tsohon batir idan ya fara gangarowa ba ya yi a hankali. Saura fiye da awa biyu. Maɓallin ninka lokaci yana nan ƙarƙashin yatsana, danna biyu zai kai ni Bahar Maliya cikin rabin awa. Na daɗe ina kallonsa. Daga baya na buɗe taswirar Addis Ababa, na ga filin yana kan tudu sama da mita 2,300, inda iska ba ta da kauri kuma jirgi ke cin titi da yawa wajen tsayawa, na lissafa nauyina, na fara gangarowa.

Na taɓa ƙasa ƙarfe uku da rabi da 'yan mintoci. Ban kai ga wurin ajiye jirgi ba inbata ya fara kuka, sai na kashe injinan a kan hanyar fita, na rufe kwamfutar, na kashe ƙwan. A littafina na rubuta: Kano zuwa Jidda, an sauka Addis Ababa, awa biyar da rabi.

Na fita tsakar gida na zauna kusa da ƙanena har aka kira assalatu. Wajen ƙarfe bakwai wata baƙuwar lamba ta shigo, mai farawa da 966. Hajiya ce, da wayar wata abokiyar tafiyarta. Na tambaye ta yaya hanya. Ta ce, “Lafiya lau, ɗan nan. Ni dai tun da aka ba mu abinci na yi barci, sai da aka tashe ni.”