Kwamfutar da muka haɗa wa matasanmu da kuɗin karo-karo



An daɗe matasanmu na Yerimaram suna roƙon ƙungiya ta samar musu da kwamfutar koyon zana katin biki, sitika da bana. Kuɗin da ke asusu na karo-karo ne, har da na iyayenmu mata masu ƙosai, don haka kowace naira sai mun iya bayaninta.

Su matasan, irin ta masu buga gem suka so, mai fitilu da katin hoto mai tsada. Muka ce a'a. Aikin CorelDRAW, wadda shagunan buga takardu suka saba da ita, ya fi dogara ga furosesa da RAM. Sai muka aika Kano, a Beirut Road, aka sayo Dell OptiPlex ta hannu mai Core i5. Muka kai RAM ɗinta 16GB, muka cire tsohon hadis muka sa SSD. Mun nace sai furosesa zubi na 8, domin Windows 11 ba ta karɓar na ƙasa da shi, ga shi kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025.

Rarar kuɗin a UPS ta tafi, kuma nan aka fi yin gardama a taro. Amma kwamfutar tebur ba ta da batir. Wuta na ɗaukewa, aikin da yaro bai adana ba ya tafi. Ƙurar hunturu kuwa, mun ɗinka mata riga.

Masu son koyo su ba da suna a ofishin ƙungiya, ranar Asabar bayan la'asar. Mun ware wa 'yan mata safiya.