Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Ya kai mai karatu, zo ka ji yadda kalma guda ta kusa hana ni abinci.

Ni mutumin Belbeji ne, cikin ƙasar Damargu. Faransanci muka fara koya a lakwal, sai da muka shiga kwaleji a Tanut aka soma mana Ingilishi. Bayan na yi shekara 4 ina koyar da manya karatu a garinmu, na tafi Kano neman aikin koyar da Faransanci a wata makaranta. Na rubuta takarda da Ingilishi, na ce: "I worked like a teacher."

Shugaban makarantar ya karanta, ya dube ni, ya ce, "Malam, kai malami ne, ko kuwa kwaikwayon malamai ka yi?" Kunya ta rufe ni. Allah ya sa mutumin kirki ne, ya zaunar da ni ya warware mini.

Ga inda gizo ke saƙar. Faransanci yana da kalma ɗaya, "comme", tana ɗaukar kaya biyu. Ingilishi kuwa ya raba su, kuma Hausarmu ma ta raba. "Like" ita ce kamar. "As" ita ce a matsayin. Wanda ya yi aiki "as a teacher" malami ne na gaske. Wanda ya yi "like a teacher" kama kawai ya yi.

Duba wannan. In ka ga manomi yana ta fama a gonar gero tun asuba, ka ce "he works like a donkey", ka yaba ƙwazonsa. In ka sa "as", to, ka mai da bawan Allah jaki!

Saura ɗaya. Inda Bahaushe zai ce "kamar yadda", wato magana da aikatau na biye, a rubutun takarda "as" ake so: "Do as I do", yi kamar yadda nake yi.

Na gyara takardata, na sami aikin. Tun ran nan, in zan rubuta Ingilishi, da Hausa nake fara aunawa, ba da Faransanci ba. Kai ma gwada haka. Ka tambayi kanka: shi ne, ko kama da shi ne? Hausawa sun riga sun faɗa, kama da wane ba wane ba ne.