Takalmin da Ba Ya Lanƙwasa

A shekarata ta farko ta aikin jinya a wani asibiti da ke kudancin Suwidin, ƙafafuna ne suka fara yi mini tawaye. Tsayuwar awa takwas a kan daɓe mai tauri takan sa in koma gida ina ɗingishi, har na fara tunanin ajiye aikin da na sha wahala kafin in samu. Wata dattijuwa abokiyar aikina ta dubi takalmin robar da nake sawa, ta girgiza kai, ta nuna mini nata: ƙasansa katako, samansa fata, diddige a buɗe. Su suna kiransa träskor, wato takalman katako. Dariya na yi a zuci, domin dangarafan da kakata kan taka lokacin damina suka faɗo mini a rai. Ta yaya itace zai tausaya wa ƙafar da roba ta kasa tausaya wa?

Ranar wata Asabar ta kai ni yankin Småland, ƙasar dazuzzuka da tafkuna, wurin wani tsoho da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Ƙamshin ɗanyen itace da na jemammiyar fata ne suka tare mu tun daga ƙofa.

Da icen alda yake aiki, wanda ke tsirowa a bakin ruwa, marar nauyi, mai sauƙin sassaƙa. Akan yanka shi gunduwa-gunduwa a jera a rumfa har ya bushe sarai, domin ɗanyen itace yakan tsage bayan an gama wahala a kansa. Daga nan inji ke fitar da siffar tafin ƙafa, hannu kuma ya goge. Ya miƙo mini guda, ya ce in shafa. Akwai tudu inda cikin ƙafa ke da rami, akwai ɗan kwari inda diddige zai zauna, gaban kuma ya ɗaga sama kamar goshin kwalekwale. A nan asirin yake: tunda katako ba ya lanƙwasa, sai an sassaƙa shi yadda zai mirgina da mai tafiya.

Aikin fatar ne ya fi riƙe ni. Ya jiƙa ta har ta yi laushi, ya ɗora ƙafar itace a kan katakon, ya ja fatar da filaya ta lulluɓe ta, sannan ya bi gefe da ƙananan ƙusoshi, ɗaya bayan ɗaya, tazararsu kamar an auna. Haka za a bar ta ta bushe ta riƙe siffar. Roba kaɗan ce a ƙasa, saboda santsi da ƙara.

Takalmin manoma da ma'aikatan masana'antu ne tun asali. Kamfanin Troentorp na kusa da Båstad yana yin sa tun 1907, kuma a shekarun 1970, zamanin da mawaƙan ABBA suka yi tashe, ya zama abin ado har a Amurka. Tsohon bai damu da wannan tarihi ba. Abin da ke cin sa shi ne ba shi da magaji. 'Ya'yansa suna birni, kuma ya ce idan icen da ke rumfar ya ƙare ba zai sake sarowa ba.

Makon farko na sha azaba, bakin fatar ya goge mini bayan ƙafa har ya yi bororo. A mako na uku fatar ta saki, ta san ni, na daina ɗingishi. Ban ajiye aikin ba.

Bara na koma don in sayi na biyu, na tarar da ƙofar a kulle, rumfar kuma fayau. Nawa na nan. Sau biyu ke nan ana sauya masa robar ƙasa, kuma har yanzu ƙusa ko ɗaya ba ta fita ba.