Dara a Waya: Wace Manhaja Ce Ta Dace?

Ɗalibin da ya taso daga Kolofata ya zo Garwa koyon kwamfuta yana da buri guda: ya mayar da dara wasan waya, daga baya kuma ya sa gurabenta su bayyana a kan tabarma ta idon kyamara, wato fasahar nan mai ɗora hoton kwamfuta a kan zahiri. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne manhajar da zai gina aikin a kanta.

Unreal ta fi sauran kyan hoto, amma nauyinta gigabait ne masu yawa, tsohuwar kwamfutarsa kuwa ba za ta ɗauka ba. Ga tsadar data, ga wutar madatsar Lagdo da ke zuwa tana ɗaukewa. Godot kyauta ce, mara nauyi, ba ruwanta da kuɗin lasisi. Sai dai a fannin kyamara ba ta kamo ƙafar Unity ba, domin Unity na da AR Foundation, mai tafiya da ARCore na Google da ARKit na Apple a lokaci guda. Ita ma Unity ta zubar da amincinta a 2023, sa'ad da ta sanar da kuɗin da za a biya kan kowace saukewar wasa, kafin ta janye a 2024.

Wayoyin gida ne suka raba gardamar. ARCore ba ya aiki sai a wayoyin da kamfanin Google ya tantance, ƙananan wayoyin ƙannensa na Kolofata kuwa ba sa cikinsu. Sai ya ɗauki Godot, ya fara zana gurabe talatin na dara, ya jingine batun kyamara tukuna.