Fulat Ɗaya, Masu Gida Huɗu



Shekara shida ke nan ina riƙe da littafin ƙungiyar mazauna rukunin gidajenmu a nan Legas, irin gidajen nan masu sauƙin kuɗi da aka gina zamanin Gwamna Lateef Jakande, tsakanin 1979 da 1983. Benenmu fulat shida ne, matakala ɗaya, tankin ruwa ɗaya, sokawe ɗaya. Ban taɓa shiga tsaka mai wuya ba kamar bana.

Wani dattijo ɗan Arewa da ke hawa na sama ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Malamai suka yi lissafin gado: matar ta samu tumuni, sauran aka raba, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. A takarda komai ya fita. Amma fulat mai ɗaki biyu ba gona ba ce da za a ja igiya a yanka.

Babban ɗan ya fara sauke samarin garinsu da suka zo neman abinci, har suka kai goma sha ɗaya. Dokar ƙungiyarmu kuwa mutum shida ta amince wa kowane fulat. Ruwa ya riƙa ƙarewa kafin azahar, sokawe ya cika. Maƙwabta Yarbawa da Ibo suka kawo ƙara wurina. Kuɗin shara da na maigadi kuma wata takwas ba a biya ba, kowane magaji yana cewa ɗan'uwansa ne zai biya.

Gaskiya abin ya dame ni. Ni ma da na fara zuwa Legas, a tabarmar wani na kwana wata biyar. Da wane baki zan ce a kori baƙi? Da na je, babban ya ce mini: "Malam Sakatare, gidan ubana ne fa." Na ce masa haka ne, amma ƙaninka da ƙanwarka da mahaifiyarku ma suna da haƙƙi a ciki. Kuma abin da Baba ya saya shi ne cikin fulat. Rufi, matakala da sokawe na mu duka ne. Ita kanta ƙasar, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ta a hannun gwamna a matsayin amana.

Sai da muka zauna sau uku da liman da shugaban ƙungiya. A nan ƙanwar ta ce tun rasuwar Baba ba wanda ya taɓa tambayar ra'ayinta. Daga ƙarshe suka rubuta yarjejeniya: ƙanin ne wakilinsu a taro, kowa zai biya kuɗin hidima daidai da rabonsa, ba sayarwa ko saka ɗan haya sai duk huɗun sun sa hannu. Samarin aka ba su wata uku, jama'armu suka taimaka aka sama musu ɗakuna.

Roƙona gare mu: duk wanda ya yi tarayya da wani a gida, ta gado ko ta haɗa kuɗi, a rubuta wanda zai zauna, wanda zai biya, da wanda zai yi magana da yawun kowa, tun ana shiri. A kawo wa ƙungiya kwafi ɗaya.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.

Naku,
Sakatare