Farin da Aka Gina da Toka

A shekarar 1984 wani kamfani na birnin Shikago a Amurka, mai suna FASA, ya fito da wani wasan yaƙi da ake yi a kan tebur, inda manyan mutum-mutumin ƙarfe ke gwabzawa. Battledroids aka fara raɗa masa, amma da yake kalmar droid mallakar kamfanin Lucasfilm ce, sai aka sauya masa suna zuwa BattleTech. A cikin labarin wasan, kowane mutum-mutumi yana da nauyin tan 20 zuwa 100, mutum ne kuma ke zaune a cikinsa yana tuƙa shi. A kan tebur kuwa ɗan abu ne na roba ko na ƙarfe wanda bai fi tsawon yatsa ba. Ana matsar da shi a kan taswira mai gidaje masu kusurwa shida, ana jefa ƴaƴan lido guda biyu domin a san ko harbi ya samu. Bayan shekara uku, a 1987, kamfanin Games Workshop na Ingila ya fito da nasa wasan, Warhammer 40,000, wanda shi ma yake cike da irin waɗannan injunan yaƙi.

Yawancin ƴan mutum-mutumin nan ana sayar da su ne tsirara, launin toka, babu ado ko kaɗan. Mai wasa shi ne zai zauna da buroshi mai bakin allura ya tufatar da su. A wurin masu wannan aiki akwai launi biyu da aka sani da taurin kai: rawaya da fari. Sai dai gudun farin ba ya yiwuwa ga kowa. Wanda ya zaɓi rundunar Com Guards a BattleTech, wato sojojin da labarin ya ce sun tare mahara a duniyar Tukayyid a shekarar 3052, ya zaɓi farin sulke tun daga kai har ƙafa. Haka wanda ya zaɓi mayaƙan T'au na yankin Vior'la a ɗaya wasan, masu farin sulke da jan tambari.

Sabon shiga yakan ɗauka aikin ba shi da wuya. Ga kwalba an rubuta fari a jikinta, ga sulke yana jiran fari, me ya rage? Sai ya tsoma buroshi ya shafa. Shafar farko ta fito da zane-zane, duhun da ke ƙasa yana leƙowa. Ya ƙara ta biyu mai kauri, ya ƙara ta uku. Kafin ya ankara fentin ya cike ƴan tsagogin da ke raba farantan sulke, ya binne kawunan ƙusoshi, ya bushe da gautsi kamar alli. Abin da ya rage a hannunsa dunƙule ne mai kama da gutsuren sabulu, wanda ba a bambance kafaɗarsa da ƙirjinsa. Awa huɗu ko biyar sun tafi, ga kuma kuɗin da aka kashe a kan abin da ba shi da araha.

Dalilai uku ne suka haɗu suka kayar da shi. Na farko yana cikin kwalbar. Farin fentin zamani ana yin sa ne da garin titaniyom, wanda aka fara sarrafawa da yawa a Norwe da Amurka wajen 1920, ya maye gurbin farin dalma mai guba. Garin yana da nauyi, yana kwanciya a gindin kwalba, yana kuma dunƙulewa. Idan an tsinka shi da ruwa sosai ba ya rufe duhu, idan an bar shi da kauri sai ya bar sawun buroshi. Shi ya sa gwanaye ke jefa ɗan ƙwallon ƙarfe a cikin kwalba, su girgiza ta da kyau kafin su buɗe.

Na biyu shi ne ƙanƙantar abin. Injin da ya kai tsayin bene yana jefa wa kansa inuwa mai zurfi a ƙarƙashin hammata da bayan gwiwa. Idan aka mai da shi tsawon yatsa, inuwar takan ƙanƙance har ido ya daina ganinta. Dole mai fenti ya zana inuwar da hannunsa, ya zana hasken da hannunsa, domin fitilar ɗaki ba za ta yi masa wannan aiki ba.

Na uku shi ne mafi muhimmanci. Mai shafa ja yana da inda za shi: zai iya duhunta jan a cikin lungu, ya haskaka shi a kan tudu. Mai shafa shuɗi ma haka. Amma wanda ya fara da fari tsantsa ya fara ne daga ƙololuwa, ba shi da sauran matakin hawa. Babu abin da ya fi fari haske da zai ɗora a gefen faranti domin ya nuna inda rana ta bugo. Ya kashe dukiyarsa duka a shafar farko.

Gwani yakan bi wata hanya dabam. Yana fara fesa shimfiɗar toka mai haske a kan dukan jikin. Wani ma yakan fesa toka mai duhu tukuna, sannan ya fesa mai haske daga sama kawai, yadda ranar tsaka take sauka a kan mutum. Bayan haka sai ya shafa ainihin launin sulken, wanda shi ma toka ce mai haske ƙwarai, irin wadda Citadel ke sayarwa da sunan Ulthuan Grey. Yakan tsinka ta, ya shafa sau biyu ko uku, yana jiran kowace shafa ta bushe. Sannu ba ta hana zuwa. Daga nan ya ɗauki ruwan fenti mai duhu, ya ɗiga shi da bakin buroshi a cikin tsagogi kaɗai, ya bar shi ya bi hanyarsa. Ba ya malala shi a kan faranti kamar yadda ake yi wa sauran launuka, domin a kan fari yakan bar tabo kamar na shayi a riga. Sai a ƙarshe yake buɗe kwalbar fari tsantsa, ya ja siririn layi a bakin kowane faranti da kan kusurwoyin da ke kallon sama. A dukan jikin, wurin da farin gaske ya taɓa ɗan kaɗan ne, amma mai kallo zai rantse sulken fari ne fat.

Akwai kuma zaɓin da ya kamata a yi tun kafin a fara, wato irin inuwar da za a ba farin. Idan aka sa toka mai ratsin shuɗi, sai a sami fari mai sanyi, irin na sabon ƙarfe. Idan aka sa ruwan ƙasa, sai a sami fari mai ɗumi, irin na hauren giwa ko tsohon ƙashi. Duk wanda ya ga mai wanki yana tsoma farar riga a ruwan bula ya ga wannan dabara: ɗan shuɗin nan shi ke kashe ratsin rawaya, rigar ta ƙara fitowa. Wanda ya gauraya inuwa mai sanyi da mai ɗumi a sulke ɗaya kuwa, sai abin ya yi kama da dauɗa.

Sauran aikin a kan maƙwabtan farin yake. Ana baƙanta bindigogi da gaɓoɓi, ana ɗora ɗan ja ko ruwan zinariya a kafaɗa, ana duhunta ƙasar da mutum-mutumin yake tsaye a kai. Wasu sukan yagi guntun soso, su tsoma shi a ruwan ƙasa mai duhu, su ɗan taɓa gefen ƙafafu domin a ga inda fenti ya ɓare a fagen fama. Kowane ɗigon duhu yana ƙara wa farin haske. Masanin sinadarai Michel-Eugène Chevreul ya bayyana dalilin haka tun 1839. Shi ne shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins ta Paris, aka kawo masa ƙarar cewa baƙin zarensa ba ya fitowa sosai. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiya lau yake, launukan da aka saƙa kusa da baƙin su ne ke sauya yadda ido ke ganinsa.

Ɗalibin kimiyyar harshe ba baƙo ba ne ga wannan tunani. Littafin darussan Ferdinand de Saussure, wanda Charles Bally da Albert Sechehaye suka buga a 1916 bayan rasuwarsa, ya tsayu ne a kan cewa darajar kowace alama tana fitowa daga bambancinta da sauran alamomin da ke kewaye da ita. Ana karanta wannan a shekarar farko, ana haddace shi domin jarrabawa, sau da yawa kuma ana manta shi da zarar an fita tattara kalmomi. Mai bincike yakan riƙe jerin kalmomin Faransanci, ya tambayi dattijo yadda ake cewa blanc, ya rubuta amsa, ya wuce layi na gaba. Wannan shi ne aikin sabon shiga da kwalbarsa: ya gaskata abin da aka rubuta a jikin kwalba.

Kalmar fari kanta ta isa misali. Binciken da Brent Berlin da Paul Kay suka buga a 1969 ya nuna cewa harsuna sukan fara raba haske da duhu, sannan ja ya biyo baya. Hausa tana da fari da baƙi da ja a matsayin tsofaffin sifofi, alhali launuka da dama sai an jingina su ga wani abu, kamar ruwan toka da ruwan goro da ruwan hoda. Amma farin nan, wanda mutanen Gobir da Adar ke furtawa hwari, ba abu ɗaya yake nufi ko'ina ba. Farin mutum ba launin farar takarda gare shi ba, farar ƙasa dabam take da farin wata, farin jini da farin ciki kuwa ido bai taɓa ganinsu ba. Idan Bahaushe yana son farin da ba shi da gauraye, sai ya ƙara amsa-kama: fat, ko sol, ko tas, ko ƙal. Ba ya sa ta a kowace jimla, yana ajiye ta ne domin inda ake bukata, kamar yadda gwanin buroshi ke ajiye farinsa tsantsa domin bakin faranti. A rubuce ma, haruffa huɗun nan suna iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko mafarin abu. Karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su a baki, rubutun yau da kullum kuwa ba ya nuna ko ɗaya, sai kalmomin da ke gefe su yi wa mai karatu jagora.

Saussure ya yi misali da wasan ces: idan doki ya ɓace, ana iya ɗora kowane abu a gurbinsa, wasa ya ci gaba, muddin an yarda da matsayinsa. Haka dokokin BattleTech suke. Mutum-mutumin da aka yi kwana uku ana yi masa fenti bai fi ɗan kwali ƙarfin harbi ba, akwatunan wasan ma sukan zo da ƴan kwalaye masu hoto domin a tsayar a madadinsa. Duk da haka mutane suna zama har tsakar dare suna jan layin da bai kai kaurin gashi ba. Dokar wasa ta gamsu da matsayi kaɗai, amma ƴan wasa suna son abokin karawa ya ɗago abin, ya juya shi a hannu, ya yi shiru na ɗan lokaci. Harshe ma haka yake ga masu shi, kuma nazarin da ya tsaya a kan tsari kaɗai yakan bar wannan ɓangare a baya.

Masu fenti suna da gwajin da suke yi idan aiki ya kammala. Sukan ajiye mutum-mutumin a kan tebur, su ja da baya kamar tsawon hannu, domin daga nan ne abokin wasa zai gan shi. Idan farantan sun rabu, kafaɗa ta fito, kai ya fito, to aiki ya yi. Mai son sanin abin da ke jikin sulken kuwa sai ya kawo farar takarda ya jingina kusa da shi. Nan take zai ga toka ce, toka iri uku ko huɗu, da ƴan layukan fari a gefe. Da ya janye takardar, sulken ya koma fari.